Bitamin D: Ba Kowane Jiki Ne Ke Maraba Da Ƙari Ba

Uwargida, a 'yan shekarun nan bitamin D ya yi farin jini a gidajenmu. Da zarar mace ta yi kukan ciwon ƙashi ko kasala, sai ki ji an ce ta je kemis ta sayo. Amfaninsa gaskiya ne: shi ke taimaka wa hanji ya tsotsi kalsiyam, yana kuma da hannu a aikin garkuwar jiki. Wani babban bincike da aka yi a Amurka mai suna VITAL, wanda ya ƙunshi mutum fiye da 25,000, ya nuna a 2022 cewa masu shan sa kullum sun samu raguwar kusan kashi 22 cikin 100 na cututtukan da garkuwar jiki ke far wa mai ita.

Sai dai akwai cutar da ƙarin nan zai iya zame wa masifa. Sunanta sakoidosis, wadda likitan Ingila Jonathan Hutchinson ya fara bayyanawa a ƙarni na 19. Ƙwayoyin garkuwar jiki ne ke dunƙulewa su zama ƙananan ƙulluttai, galibi a huhu, wani lokaci a fata, ido ko zuciya. Alamominta sun haɗa da busasshen tari, haki, gajiya da rama, shi ya sa ake yawan rikita ta da tarin fuka. Ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum.

A jiki mai lafiya, hanta ce ke fara sarrafa bitamin D, ƙoda ta kammala, kuma iya abin da ake buƙata take fitarwa. A jikin mai sakoidosis kuwa, ƙulluttan nan ma suna sarrafa shi, ba tare da birki ba. Sai kalsiyam ya yi yawa a jini ko fitsari, har ya haifar da tsakuwar ƙoda ko ya raunana ƙodar.

Tarkon shi ne, gwajin da aka saba yi zai iya nuna bitamin D ya yi ƙasa, alhali nau'in da ke aiki ya wadata ko ya wuce kima. Dalilin da ya sa Ƙungiyar Likitocin Ƙirji ta Amurka ta ba da shawara a 2020 a auna nau'ukan biyu kafin a ba marar lafiya ƙari ke nan. Ga shi kuma maganin prednisolone da ake yawan ba su yana rage ƙarfin ƙashi, abin da ke sa wasu sayen kalsiyam da bitamin D da kansu.

Idan akwai mai wannan cuta a gidanki, kada ya sha ƙarin ko ɗaya sai da izinin likitansa. Ki kula da ƙishirwa mai tsanani, yawan fitsari, taurin bayan gida, tashin zuciya ko rikicewar tunani. Da ganin su, a garzaya asibiti a auna kalsiyam.