Abin da ke hana wake nuna a kan murhu

A Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura, wake abokin gero ne tun daga gona, domin a tsakanin kunyoyinsa ake shuka shi. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa noman wake a duniya, maƙwabciyarta Nijar na biye da ita. Duk da haka, matar da ke dafa garau-garau na sayarwa ta san wake iri biyu ne: wanda ke nuna kafin itace ya cinye, da wanda za a ƙona dami guda yana nan da tauri kamar tsakuwa.

Bambancin yakan faro ne daga ajiya. Sabon waken kaka ba ya wahalar da kowa. Wanda ya sha zafin bazara a buhu, damina ta same shi da danshinta, shi ne mai taurin kai. Masana abinci sun gano cewa zafi da laima suna sauya wani danƙo da ke haɗe ƙwayoyin cikin waken, har ya ƙi narkewa ko an daɗe ana tafasawa. Shi ya sa gwanayen girki ba sa haɗa tsoho da sabo a tukunya ɗaya. Ɗaya zai dame, ɗayan ko laushi bai fara ba.

Ruwa ma yana da nasa laifin. Ruwan rijiyar da sabulu ba ya kumfa a cikinsa yana ɗauke da sinadarin kalsiyam, wanda ke ƙara ƙulle wancan danƙon.

Nan kanwa take shigowa. Ana jiƙa ɗan gutsure a kofi, a bari yashin ya kwanta, a tsiyaye ruwan saman a cikin tukunya. Kanwa kishiyar tsami ce, tana warware danƙon, sai lokacin dahuwa ya ragu sosai. A yankin da icen girki ke ƙara tsada, har wasu gidaje suka koma karan gero, wannan ba ƙaramin rangwame ba ne. Amma idan hannu ya yi nauyi, farin wake zai rine, ya yi santsi da ɗanɗanon sabulu, kuma kanwar na lalata bitamin B1 da ke cikinsa. Mai son rage ta sai ta jiƙa waken tun dare da ɗan gishiri, ta zubar da ruwan da safe.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne gaggawar zuba tumatir ko tsamiya. Tsami yana daskarar da wake, don haka a fate sai an latsa ƙwaya tsakanin yatsu ta murje kafin kayan miya su shiga. Masu gashin hayaƙi a Amurka, da ke ajiye tukunyar wake a ƙarƙashin nama cikin tanda mai sanyin wuta, su ma da wannan suke fama. Da yawansu sukan fara dafa waken daban har ya yi laushi, sannan su haɗa shi da miyar tumatir da sukari ya sha hayaƙi.

A murhu kuwa, wuta ta tsaya daidai, tukunya a rufe. In ruwa ya ƙone, da tafasasshe ake ƙarawa, domin na randa yana katse tafasar, a sake jiran ta dawo da sabon itace.