Tsohon Gida Mai Neman Gyara Ko Sabon Gida: Wanne Za Ka Saya?

Idan kaka ta yi, aka sayar da gyaɗa da wake da riɗi, kuɗi sukan shigo hannun manomi. A lokacin ne mutum yakan yi tunanin ware gidansa daga na 'yan'uwa, ko ya nemi inda zai ajiye ɗansa mai shirin aure. Sai dillali ya nuna masa gida biyu. Ɗaya tsoho ne a cikin gari, ginin ƙasa, ga faɗi, amma yana neman gyara. Ɗayan kuwa sabo ne fil a bayan gari, ginin bulo da rufin kwano, sai ƙanshin fenti yake yi. Kuɗin tsohon bai kai na sabon ba. To, wanne ya kamata a saya?

Kafin ka ba da amsa, ka sani matsalar gida iri biyu ce. Akwai wadda kuɗi da ƙarfi suke gyarawa. Rufi mai yoyo yana gyaruwa. Haka nan ƙofa da taga da yaɓe da daɓe. Akwai kuma wadda za ta cinye dukiyarka ba ta gyaru ba. Ita ce mugun wuri, da ruɓaɓɓen tushe, da rigimar mallaka. Waɗannan ukun za ka fara dubawa, ko gidan tsoho ne ko sabo.

Ka je da damina

Yawancin cinikin gida da rani ake yinsa. Da rani kuwa kowane gida busasshe ne. Damina ce take tona asirin gida. In da hali, ka jira ta. Ka je ranar da aka kwana ana ruwa, ka ga inda ruwan tsakar gida yake bi ya fita, da inda yake kwanciya. In ba za ka iya jira ba, ka dubi jikin katangun unguwar. Ruwan da ya taɓa kwanciya yakan bar zane a bango. Ka kuma tambayi maƙwabta, musamman tsofaffi da matan unguwa. Su ne suke kwashe ruwa da ƙwarya in ya shigo.

Ba mu manta ambaliyar 2022 a Jigawa ba, ko ta Maiduguri a watan Satumba na 2024, lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta fashe. Gidajen ƙasa da yawa sun zube, gaskiya ne. Amma gidajen bulo da suke cikin kwari su ma ruwa ya kori masu su.

A nan tsohon gida yana da wata fa'ida. Ya ga damina da yawa, kuma yana nan tsaye. Sabon gida bai ga ko ɗaya ba tukuna. Wani sabon gidan a kan tsohon kududdufi aka gina shi, bayan an cike shi da shara da ƙasa. Irin wannan ƙasa takan daɗe tana zama, bango kuma ya bi ta ya tsage. Wani kuma a filin awon igiya yake, inda aka yanka filaye ba a bar wa ruwa hanya ba. Ka tambaya: me ke wurin nan kafin a yi gini?

Yadda ake duba tsohon gida

Kada ka tafi kai kaɗai. Ka ɗauki magini wanda ka yarda da shi, ba wanda dillali ya kawo ba. Ka biya shi ladan yininsa. Wannan kuɗi ba asara ba ne.

Ku fara da gindin bango. Ginin ƙasa daga ƙasa yake mutuwa. In ka ga gindin bango ya zaizaye ya yi siriri, ko yana da danshi ko da rani, ko wani farin abu kamar kanwa yana fitowa a jikinsa, to ruwa yana hawa daga ƙasa. In ɗaki ɗaya ne, ana iya rushe shi a sake. In duk gidan ne, ka sani fili kake saye ba gida ba. Ka taya shi a kuɗin fili, ka kuma cire kuɗin rushewa.

Sai tsaga. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Amma ba kowace tsaga ce abin tsoro ba. Siririyar tsaga a jikin yaɓe ba komai ba ce. Wadda ake gudu ita ce wadda ta taso daga kusurwar ƙofa ko taga ta tafi a karkace, ta ratsa bango har ana ganinta ta ciki da ta waje. Wannan alama ce tushe yana motsi. Ga dabara mai sauƙi. Ka liƙe tsagar da ɗan kwaɓin siminti, ka dawo bayan wata guda. In ta sake buɗewa, bangon bai daina tafiya ba.

Wasu masu sayarwa sukan yi wa bangon ƙasa filastar siminti, su shafe da fenti. Gida ya fito da kyan ɗan maciji. Siminti da ƙasa ba sa riƙe juna sosai. Ruwa yakan shiga tsakaninsu ya ci ƙasar a ɓoye. Ka ƙwanƙwasa bangon da bayan yatsa. Inda ka ji yana amsawa kamar ganga, filastar ta rabu da bango.

Daga nan ku ɗaga kai sama. In rufin soro ne, a soki azara da ƙusa ko tsinin wuƙa. Azarar giginya mai kyau tana da tauri ƙwarai, gara ba ta cika cin ta ba. In ƙusa ta shige da sauƙi, ko gari yana zubowa, azarar ta gama aiki. A hau kan soron a dubi indararo. Indararon da ya toshe ko ya karye shi ne yake zuba ruwa a jikin bango. In rufin kwano ne, a leƙa cikin silin a dubi katako. A nemi hanyoyin gara, waɗannan layukan jar ƙasa da take yi a jikin bango da itace.

Kada kuma ka raina gida don kawai na ƙasa ne. Hasumiyar Gobarau ta Katsina da Gidan Makama na Kano da ƙasa aka gina su, sun yi ɗaruruwan shekaru. Abin da ya riƙe su shi ne kulawa. Magabata sukan yi yaɓe da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, don kada ruwa ya ci bango. Ɗakin ƙasa kuma ya fi sanyi da bazara, ya fi ɗumi da hunturu. Wanda ya taɓa kwana ƙarƙashin kwano marar silin a watan Afrilu ya san abin da muke faɗa. Sai dai ginin ƙasa yana son yaɓe a kai a kai. In ba ka da lokacin wannan, ko ba ka da masu taya ka, ka yi tunani.

Sabo ma a duba shi

Gidan da mutum ya gina don ya zauna daban yake da wanda aka gina don a sayar. Mai gina na sayarwa riba yake nema. Wani yakan rage siminti ya cika yashi. Wani yakan rage rodi a linta, ko ya sa kwano mai laushi. Ka nemi wurin da ba a yi wa filasta ba, kamar bayan katanga. Ka karci bulon da ƙusa. In yana zubowa kamar gari, simintin bai ji ba. Aikin siminti yana son a riƙa ba shi ruwa aƙalla kwana 7, kuma sai ya yi kwana 28 ƙarfinsa yake kammala. Mai gaggawa ba ya jiran wannan. Maƙwabta sun ga lokacin da ake ginin, ka tambaye su. Ka kuma nemi sanin birkilan da ya yi aikin.

Ka auna tsakanin rijiya da masai. Masana lafiya suna son a bar kamar mita 30, wato wajen taku 40 na babban mutum. A ƙaramin fili wannan ba ya samuwa. Har masan maƙwabci ka sa a lissafi. Sannan ka tambayi kanka: ina zan ɗaure awaki? Ina zan kafa rumbu? Ina nisan makaranta da asibiti da wurin ɗiban ruwa? Sau da yawa iyali ne suke shan wahalar wannan nisa, don haka a yi shawara da uwargida.

Maganar takarda

Tsohon gida sau da yawa gidan gado ne. A nan ne rigima take ɓuya. Babban wa yakan sayar, bayan shekara biyu ƙanwarsa da ke aure a wani gari ta zo ta ce ba da saninta ba. Gaskiyarta kuwa, ita ma tana da rabo. Kada ka biya sai ka tabbata an raba gadon, ko duk magada sun yarda, maza da mata. In akwai marayu ƙanana, a bi ta wurin alƙali. A shari'ar Musulunci akwai abin da ake kira shuf'a. Idan gida na tarayya ne ba a raba ba, ɗaya ya sayar da rabonsa ga bare, abokin tarayyarsa yana da ikon ya biya kuɗin ya karɓe. Ka ga sai ka yi gyara, wani ya shiga.

Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna. A karkara, ƙaramar hukuma ce take ba da takardar izinin mallaka ta gargajiya, kuma ana neman amincewarta in za a sayar. Saboda haka a yi ciniki a gaban mai unguwa da dagaci da shaidu, a nuna iyaka ta kowace kusurwa, a rubuta. Daga nan a kai ƙaramar hukuma. Tun da yanzu ka iya karatu, ka karanta takardar da kanka kafin ka sa hannu. Sabon gida ma ka nemi takardar filinsa, ka san wanda ya sayar da filin tun farko.

Ka ɗauki alƙalami

Ga misali. A ce tsohon gida N2,500,000 ne, sabo kuma N4,000,000. Magini ya ce gyaran rufi da yaɓe da masai zai ci N900,000. Kada ka tsaya a nan. Gyara yakan wuce yadda aka zata, domin in an buɗe rufi sai a ga wata ɓarnar. Farashin siminti da kwano ma ba ya zama wuri ɗaya. Ka ƙara rabin abin da ya faɗa, wato N450,000. Jimla ta zama N3,850,000. Tsakaninsa da sabon saura N150,000 kawai. Araha ba ta ado. In lissafi ya zo kusa haka, kuma sabon ya tsallake dubawar da muka faɗa, sabon ya fi.

Amma in tushe lafiya ne, wuri tudu ne, takarda kuma babu rigima, a ganinmu tsohon gida ya fi dacewa da manomi. Sabon gida kuɗinsa a dunƙule ake biya, har wani ya sayar da gona ko shanun huɗa. Wannan babban kuskure ne, domin gona ce take ciyar da gida. Tsoho kuwa ana iya gyara shi kaɗan-kaɗan, kowace kaka a yi abin da ya sawwaƙa. Ƙasa tana kusa, 'yan'uwa kuma za su iya yi maka gayya.

In ka zaɓi tsohon, ka fara aiki da zarar an gama girbi. Rufi da indararo ne farko, sai hanyar ruwa, sai gindin bango. Ka gyara ɗaki ɗaya sosai iyali su shiga, sauran su biyo baya. Fenti da adon zaure su jira wata kakar. Ka dai tabbata an rufe kowane ɗaki kafin hadarin farko ya taso.