Daga Konni zuwa Rigasa: me ya sa jirgin Abuja ke barin matafiya?

Babu layin dogo a Birnin Konni. Mai son hawa jirgin ƙasan Kaduna zuwa Abuja, wanda aka ƙaddamar a 2016, sai ya tsallaka iyaka zuwa Illelar Najeriya, ya shiga motar Sakkwato, sannan ta Kaduna ta hanyar Gusau.

Motar tasha ba ta tashi sai ta cika, ga shingayen bincike, jirgi kuwa ba ya jiran kowa. Shi ya sa ya fi kyau a kwana a Kaduna, a isa Rigasa da wuri.

'Yan ci-rani a Tarayyar Turai su sayi tikiti guda na dukkan tafiyar: idan jinkiri ya kai minti 60, doka ta ba su diyyar kashi 25 cikin 100 na kuɗin tikitin.