Yadda sauya kalma ɗaya a manhajar Emacs ya tayar da ƙura kan sunan Linux

A watan Mayun 1996, waɗanda suka sauke sabon zubin manhajar Emacs mai lamba 19.31 sun ci karo da wata baƙuwar kalma. Inda suka saba ganin "linux", sai ga "lignux".

Emacs manhaja ce ta rubutu da masu tsara manhajoji ke amfani da ita. Kafin a harhaɗa ta a kan kwamfuta, akwai wani fayil mai suna configure da ke fara gano irin babbar manhajar da ke tafiyar da na'urar, ya sanya mata suna, domin a san sassan da za a haɗa. A nan ne Richard Stallman, jagoran Emacs, ya sauya sunan.

Wa ya gina gidan?

Stallman, ɗan Amurka, ya sanar da shirin GNU a 1983 da nufin samar da cikakkiyar babbar manhaja mai 'yanci, wadda kowa zai iya dubawa, ya gyara, ya kuma raba wa wasu. Zuwa farkon shekarun 1990 an kammala yawancin sassanta, saura zuciyar tsarin, wato ɓangaren da ke magana kai tsaye da na'ura.

Wannan giɓi ne Linux ya cike. Linus Torvalds, ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finland, ya fitar da shi a 1991. Da aka haɗa shi da kayan GNU sai tsarin ya kammala, amma jama'a suka riƙa kiran duka abin da Linux.

A ganin Stallman, idan sunan GNU ya ɓace, manufar 'yancin da ta haifar da aikin ma za ta ɓace daga zukatan masu amfani da shi. Shi ya sa ya cusa harafin "g" a tsakiyar sunan.

Masu suka sun ce an yi amfani da fayil ɗin aiki wajen yaɗa ra'ayi. Akwai kuma matsala ta zahiri: duk umarnin da aka rubuta don ya nemi kalmar "linux" daidai, ba zai gane tsarin ba idan an sauya ta.

"Lignux" bai yi tsawon rai ba. A zubi na 19.32 an mayar da shi "linux-gnu", kuma har yau haka yake fitowa a sunaye irin su x86_64-pc-linux-gnu. A cikin Emacs kanta, sunan tsarin shi ne gnu/linux.

Windows ma bai tsira ba

Ƙa'idojin rubuta manhajojin GNU sun buƙaci kada a taƙaita Windows zuwa "win", domin kalmar na nufin nasara a Turanci, su kuwa ba sa son yaba wa manhajar da ba ta da 'yanci. Saboda haka fayilolin Emacs na Windows da "w32" suke farawa, ba "win32" ba.

Abin da ya shafi wayarka

Wayoyin Android na aiki ne da zuciyar Linux, amma ba a kan kayan GNU aka gina su ba. Da Emacs 30.1 ya fito a watan Fabrairun 2025 da damar aiki a kan waya, sunan da aka ba tsarin shi ne android kawai.

Magoya bayan GNU na kafa hujja da hakan cewa Linux ɓangare ne, ba duka tsarin ba. Wasu kuma na cewa sunan da ya kama bakin mutane shi ne suna. Kusan shekara 30 bayan "lignux", kamfanoni da kafofin labarai na cewa Linux, yayin da Debian ke ci gaba da kiran kanta Debian GNU/Linux.