Maiƙon jini da toshewar jijiyoyin ƙafa: ciwon da ake ɗauka sanyi ne

Mutum na cikin tafiya sai sha-raɓarsa ta ƙulle da ciwo. Ya tsaya mintoci kaɗan, ciwon ya lafa. Ya ci gaba, ya dawo. Da yawa kan ce sanyi ne ko tsufa, su nemi man shafawa. Amma sau da yawa alama ce ta cewa jini ba ya isa ƙafa yadda ya kamata.

Jini na ɗauke da maiƙo, wanda likitoci ke kira kolestarol. Nau'in LDL, in ya yi yawa, yakan maƙale a bangon jijiya, ya taru shekara da shekaru har hanyar ta ƙuntata, kamar bututun ruwan da ya yi tsatsa. Yayin tafiya tsoka na buƙatar ƙarin jini; da ta rasa sai ta yi ciwo. Taba sigari, ciwon sukari da hawan jini na hanzarta wannan toshewa.

In abin ya yi nisa, ƙafa kan yi ciwo ko da dare, ta yi sanyi, ƙaramin rauni ya ƙi warkewa, yatsa ya yi baƙi, har ta kai ga yankewa. Kuma maiƙon da ya toshe jijiyar ƙafa yakan taru a ta zuciya da ta ƙwaƙwalwa, shi ya sa masu cutar ke cikin haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Fiye da mutum miliyan 200 ke fama da ita a duniya.

Yawan maiƙon jini ba ya ciwo, kuma siriri ma na iya samunsa. Gwajin jini kawai ke nuna shi, wanda ake rubutawa « bilan lipidique » a takardar likita. Likita kan kuma auna ƙarfin jini a idon sawu da hannu ya kwatanta: sakamakon 0,9 ko ƙasa na nuna toshewa.

Magani na farawa da barin taba, da rage kitse, man shanu da soye-soye. Ana ba da ƙwayoyin statin masu rage LDL, kuma ba a daina su sai da izinin likita. Tafiyar minti 30, aƙalla sau 3 a mako, ana hutawa in ciwon ya taso, na ƙara nisan da mutum zai iya takawa. Mai ciwon sukari ya riƙa duba ƙafafunsa kullum. Raunin da ya ƙi warkewa, a kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba.