Idan mace ta yi yaji, wa zai riƙe mata awakinta?

A Mairuwa, kamar sauran ƙauyukan Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa, da wuya ka shiga gida ba ka ga akuya ko tunkiya a turke ba, kuma galibi ta matar gida ce. Wata da sadakinta ta saya, wata gado ta ci, wata kuwa ribar ƙuli-ƙuli ta tara. Ita ce asusunta. Ranar da yaro ya kwanta ciwo ko bikin 'ya ya taso, sai a ja guda zuwa kasuwar Sheme.

Wannan dukiyar ce kuma take riƙe mace a gidan da ake dukanta. Wadda za ta fita cikin dare da goyo ba za ta kora awaki ba, balle a yankin da ɓarayin daji suka sa tafiya da dabba ta zama kasada. In ta bar su, ta san sauran: ko miji ya sayar, ko ya hana su dusa da ruwa don ya ƙuntata mata, ko ya riƙe su har ranar biko ya ce sai ta dawo. Sai ta zauna tana shan wuya, ana cewa haƙuri ne.

Turawa sun gane wannan tarko ta kan karnuka da kyanwoyinsu. A Ingila, ƙungiyar Dogs Trust ta fara tun 2004 nema wa karen matar da ta gudu gidan riƙo, a asirce, har ta samu matsuguni. Amurka ta yi doka a 2018 da ke tallafa wa gidajen fakewa su karɓi mace da dabbarta.

Mu ba mu da irin waɗannan gidaje a ƙauye, amma muna da al'adar ba da kiwo. Mace na iya kai akuyarta wurin yayarta ko gwaggonta tun kafin abu ya ɓaci, a yi sharaɗin rabon 'ya'ya kamar yadda aka saba, ba mai zargin komai. Abin da ake yawan sakaci da shi shi ne shaida. Ya kamata mutum biyu su san yawan dabbobin da kamanninsu da inda aka samo su. Hoto a waya ma yana taimakawa.

In kuwa ta riga ta fita, kada ta koma ɗauko su da kanta, don nan ne hatsarin yake. Aikin waliyyinta ne ya je tare da mai unguwa. Idan miji ya ƙi, sai kotun shari'a, kuma a Musulunci aure bai mayar da dukiyar mace ta miji ba. Dokar tarayya ta 2015 kan cin zarafin mutane ma ta sa tauye wa mutum dukiyarsa cikin laifuka.

Masu unguwanni da limamai, idan an zo muku da maganar yaji, bayan kun tambayi lafiyarta da ta yara, ku tambayi inda dabbobinta suke da wanda ke ba su ruwa.