Saye da Gyaran Keken Ɗinki a Kazaure, Babura, Roni da Gwiwa: Ma'aunan Zaɓi a Wurin Teloli

Gabatarwa

Keken ɗinki shi ne jarin tela, kuma a gidaje da dama shi ne sana'ar matan aure da ke ɗinki a cikin gida. Wannan maƙala ta dubi ma'aunan da maɗinka ke bi wajen zaɓen inda za su sayi keke da wanda zai riƙa gyara shi a wannan yanki na arewa maso yammacin Jihar Jigawa.

Wurin Saye

Duk da cewa an cire Jigawa daga Jihar Kano a 1991, hulɗar kasuwancin yankin ba ta rabu da Kano ba. Kazaure tana kan hanyar Kano zuwa Daura, don haka tela yakan haɗa tafiya ɗaya: ya sari yadi a Kantin Kwari, ya nemi keke ko kayan gyara a Sabon Gari. Amfanin wannan shi ne yawan zaɓi da damar taya farashi. Illarsa kuwa ita ce nisa, musamman ga mutanen Gwiwa da Roni da Babura, domin mayar da keken da ya ba da matsala yana cin kuɗin mota da yinin aiki.

Hanya ta biyu ita ce sayen na hannu ta wurin mai gyara na gari. A nan amana ce ke tsayawa a madadin takardar garanti: wanda ya sayar maƙwabci ne, kuma sunansa ne zai ɓaci idan keken ya gaza.

Nau'in Keke da Gyaransa

Ana fifita keken ƙafa irin su Butterfly na ƙasar Sin da tsofaffin Singer saboda dalilai biyu. Na farko, ba sa jiran wutar lantarki. Na biyu, ƙirarsu ta yi kama da juna, har kayan gyaran wani kan shiga wani. Manyan kekunan lantarki irin su Juki na Japan sun fi sauri, amma suna buƙatar janareta da ƙwararren mai gyara, wanda ba a kowane ƙauye ake samunsa ba.

Muhimmancin wannan yana fitowa fili a watan azumi. Idan keke ya fara tsallake ɗinki ko tsinka zare ana saura kwanaki a yi Sallah, tela na iya saɓa alkawarin mutane da yawa, ya rasa su gaba ɗaya.

Kammalawa

An ga cewa farashi ba shi kaɗai ne ma'auni ba. Gogaggen tela yakan fara tabbatar da mai gyara da kayan gyara a kusa kafin ya biya kuɗi, domin a wurinsa sayen nagari mayar da kuɗi gida ne.